Gyara Kayanka: Darasin Zauren Kwamfuta Daga Shagunan Aboabo

Daga Aboabo, Kumasi

Duk wanda ya bi ta babban titin Aboabo da hantsi, tsakanin ƙarar keken Pragya da kiran masu koko da ƙosai, zai lura da wasu 'yan shaguna da ke maƙale tsakanin teloli da masu tura kuɗi ta waya. A cikin kowanne akwai kwamfuta ɗaya ko biyu, da firinta, da injin hoton takarda, sai kuma wani saurayi ko budurwa a zaune gaban allo. A irin waɗannan shaguna ne fatakenmu na goro da albasa da atamfa ke buga rasit da jerin kaya da takardar yarjejeniya, kafin su kama hanyar Paga ko Aflao ko Elubo. A da ana kiransu kominikeshan santa, tun zamanin da sai a can ake zuwa buga waya. Yau waya ta koma aljihun kowa, amma aikin takarda bai bar su ba.

Mun shafe kwanaki muna zagaya irin waɗannan shaguna a Aboabo Lamba Ɗaya da Lamba Biyu, har muka leƙa Asawase da Sawaba, kuma abin da ya kai mu ƙaramin abu ne da wasu za su ce bai kai a ɓata tawada a kansa ba, wato yadda ake jera sunayen manhajoji a wurin nan da kwamfuta ke buɗewa idan an danna maɓallin "Start". To amma mu mun taɓa ganin yadda wannan ƙaramin abu ya sa motar goro ta kwana biyu a bakin iyaka, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa 'yan uwa 'yan kasuwa bayaninsa dalla-dalla.

Motar da ta kwana biyu a Paga

A shekarar 2008 ne abin ya faru, shekara guda ke nan bayan gwamnati ta yanke sifiri huɗu daga sidi. Wani kawunmu, tsohon falke da ya gaji fataucin goro daga mahaifinsa, ya yi lodi shi da abokan tafiyarsa za su haura arewa. Ya shiga wani shago a unguwarmu aka buga masa jerin masu kaya, da adadin huhun kowa, da kuɗin da aka saye shi, domin wakilin da zai fitar musu da kaya a iyaka ya ce lallai a zo masa da shi a rubuce. An gama bugawa ke nan sai aka tarar tawadar firinta ta ƙare. Direba kuwa yana waje yana ta danna oda. Sai yaron shagon ya ce a kawo filashi ya zuba a ciki, in ya so a fitar da takardar a can.

Yaron ya danna "Start", ya shiga jerin takardun da aka buɗe kwanan nan, ya ga sunan takardar kawu a sama, ya tura ta cikin filashi. Kawu ya duba da idonsa ya ga suna ya fito, ya biya, ya jefa filashi a aljihun 'yar ciki, suka kama hanya: Techiman, Kintampo, Tamale, Walewale, Bolga, Navrongo, har Paga, tafiyar da ta haura kilomita 500.

Bayan sallar isha'i ta washegari sai ga wayarsa. "Ɗan nan," in ji shi, "takardar da yaron ya sa mini a ƙarfen nan, an ce babu komai a ciki sai suna." Muka ce, "Kawu, ka tabbata filashin da aka ba ka ne ka miƙa musu?" Ya rantse shi ne. Mai shagon can ya gwada har sau uku, duk sanda ya danna sai kwamfuta ta ce ba ta ga abin da sunan ke nuni gare shi ba.

Da safe muka je shagon muka tarar a rufe, da aka buɗe kuma babu wuta. Sai da yamma lis muka samu asalin takardar tana zaune lafiya lau a cikin kwamfutar, muka aika ta imel zuwa wani kafe, yaron mota ya je ya amso. Kafin nan goro ya sha zafin arewa na kwana biyu a ƙarƙashin tamfol, wanda duk mai sana'ar ya san ba abin da goro ya tsana kamar haka. An yi asarar da aka yi, ga kuɗin kwanan direba, ga ɓacin ran abokan tafiya da suka ɗora laifin a kan kawu. Har ya bar fatauci bai ƙara yarda da filashi ba, komai sai ya ga takarda a hannunsa.

Yaron shagon bai yi da mugunta ba. Abin da bai sani ba shi ne, sunayen da ke cikin wancan jeri ba su ne takardun ba. Manuniya ce kawai.

Mene ne yanke, mene ne zaure?

Domin mai karatu ya fahimta, a ɗauki kwamfuta a matsayin babban gida mai ɗakuna barkatai. Manhajoji irin su Word da ake rubutu da ita, da Excel da ake lissafi, kowace tana da ɗakinta can ciki, inda mai aiki ba ya yawan shiga. Abin da ke buɗewa idan an danna "Start" shi ne zauren gidan. A nan ake tsayawa a kira sunan wanda ake nema.

Su kuwa sunaye da 'yan hotunan da ke jere a zauren, mafi yawansu abin da masu gyara ke kira shotkot ne, mu kuma a Hausa muna da kalmarsa tun kafin zuwan kwamfuta, wato yanke, hanyar da ake bi a rage nisa. Yanke ɗan ƙaramin fayil ne da ba ya ɗauke da komai sai adireshi. Nauyinsa bai cika wuce kilobait ɗaya ko biyu ba, ƙarshen sunansa na ɓoye kuma ".lnk" ne, sannan idan yana kan fuskar kwamfuta ko cikin folda, za a ga 'yar kibiya a kusurwar hotonsa ta ƙasa.

Ɗan kasuwa zai fi gane shi da wannan misali. Idan ka ajiye buhu hamsin a sito, mai sito ya ba ka 'yar takarda da ke cewa kayanka na ɗaki kaza, layi kaza, to wannan takarda tana da amfani matuƙar kana garin da siton yake. In ka ɗauke ta ka tafi Bawku ko Sankasi, ka tafi da takarda ne, buhunanka na nan inda ka bar su. Haka kuma in ka yaga ta, buhu ko ɗaya bai ragu ba. Abubuwa biyu ke nan da ya kamata kowa ya haddace: kwafe yanke ba kwafe kaya ba ne, goge yanke kuma ba goge manhaja ba ne.

Daga ina zauren ya samo asali?

Kamfanin Microsoft na Amurka ne ya fito da maɓallin "Start" a cikin Windows 95, wadda aka ƙaddamar ranar 24 ga Agusta 1995. Wanda ake danganta tunanin da shi wani ma'aikacin kamfanin ne mai suna Daniel Oran, masanin halayyar ɗan Adam, wanda ya lura cewa mutanen da ake zaunarwa gaban kwamfuta don gwaji ba sa sanin ta inda za su fara. Da farko an rubuta wa maɓallin "System", jama'a suka ƙi taɓa shi, sai da aka sauya masa suna zuwa kalmar da ke nufin farawa sannan suka gane. A wannan shekara ta 1995 ɗin ce kuma Gana ta samu cikakkiyar hanyar intanet ta hannun kamfanin Dokta Nii Quaynor, abin da ya sa ta shiga sahun farko a Afirka ta Yamma.

Windows XP da ta fito a watan Oktoban 2001, wadda a kanta ce yawancin matasan Zango suka koyi kwamfuta, ita ta raba zauren gida biyu, ta kuma ba mutum damar kafe manhajojin da ya fi so a sama. Windows Vista ta 2007 ta ƙara ɗan akwatin bincike da ake rubuta suna a ciki, Windows 7 ta 2009 ta ci gaba da shi. A 2012 kamfanin ya yi gangancin cire zauren ɗungurungum a Windows 8, ya maye gurbinsa da manyan fale-falen da suka cika allo, inda masu amfani a duniya suka yi ca a kansa. A 2013 ya dawo da maɓallin, a watan Yulin 2015 kuma ya dawo da zauren gaba ɗaya cikin Windows 10. Ita kuwa Windows 11 ta watan Oktoban 2021, tsakiyar allo ta dawo da shi daga kusurwar hagu.

Wannan tarihi yana da amfani a gare mu domin a zagayen da muka yi mun tarar da kusan dukkan waɗannan nau'o'i suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Yaron da ya koyi aiki a shago ɗaya in ya koma na gaba sai ya zama baƙo.

Me ya shafi ɗan kasuwa?

Kakanninmu da suka yi fataucin Gwanja daga Kano da Katsina zuwa Salaga, da waɗanda suka kafa Zangon Kumasi bayan Turawan Ingila sun shigo garin a 1896, a ka suke riƙe lissafinsu, ko a rubutun ajami. Ba su buƙatar komai a hanya sai madugu nagari da kuɗin fito. Yau lamarin ya sauya. Tun wajajen 2002 zuwa 2003 kwastan na Gana suka fara karɓar bayanin kaya ta kwamfuta a tsarin GCNet, a watan Yunin 2020 kuma aka koma tsarin ICUMS, wanda aka gina a kan na kwastan ɗin Koriya ta Kudu. A ɓangaren Burkina Faso da Nijar da Togo kuwa, tsarin SYDONIA ake amfani da shi. Gaskiya ne cewa wakilai masu lasisi ne ke shigar da bayanai a waɗannan tsare-tsare, to amma daga hannun ɗan kasuwa suke karɓar rasit da jerin kaya da hoton katin shaida, kuma kusan duk waɗannan ta irin shagunan da muke magana suke bi.

Ke nan dukiyar mutum takan rataya a kan minti goma da zai yi a gaban wata kwamfuta da ba tasa ba. In zaurenta a shirye yake, a danna biyu an buɗe abin da ake so. In kuwa a hargitse yake, sai ka ga yaro yana hawa da sauka cikin sunaye, ya buɗe wannan ya rufe, ga wutar lantarki da ba ta sallama in za ta tafi. Waɗanda suka ga shekarun dumsor, daga 2012 zuwa 2016, sun san abin da muke nufi.

Yadda zaure ke cika da tarkace

Abin da muka gani da idonmu shi ne, yawancin kwamfutocin shagunan nan na hannu ne, waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka ta tashar Tema. Idan sun iso, mai gyara yakan ɗora musu Windows, sannan ya zuba duk manhajar da ke cikin filashinsa don ya burge mai saye, ko ana bukatarta ko ba a bukata. Kowace manhaja kuma in ta shiga sai ta kafa sunanta a zaure, wata ma har da 'yan rakiya uku ko huɗu: na taimako, na talla, na cirewa. Daga nan sai yaran gida su ƙara wasanni, masu zuwa lilo a intanet su sauko da nasu. A wani shago mun nemi manhajar ɗaukar hoton takarda, sai da muka wuce wasannin ƙwallo da na tseren mota da manhajojin kallon fim har kala huɗu kafin muka kai gare ta.

Akwai kuma matsalar harshe. Ɗan uwanmu da ya zo da laftof ɗinsa daga Maraɗi ko Wagadugu, nasa zauren "Démarrer" ake kiransa, yanke kuma "Raccourci", ga shi jerin haruffan allon rubutunsa ya bambanta da namu. Microsoft ya taɓa fitar da fassarar Hausa ga Windows 7 da wasu da suka biyo bayanta, sai dai a duk shagunan da muka shiga ba mu ci karo da wanda ya ɗora ta ba.

Yadda za a shirya shi

Masu iya magana sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Babu ɗan kasuwar da ke ajiye kayan da aka fi tambaya a ƙuryar rumfa, ya jera waɗanda ba a nema a bakin ƙofa. Wannan hikima ita ce dai za a kai gaban kwamfuta, kuma aikin bai fi na rabin sa'a ba.

Na farko, mai shago ya zauna da takarda da biro ya rubuta ayyukan da ke kawo masa kuɗi kullum. A shagon da ke hulɗa da fatake ba za su wuce bakwai ko takwas ba: rubutu, lissafi, ɗaukar hoton takarda, buɗe takardun PDF, shiga intanet, gyaran hoton fasfo, da WhatsApp na kwamfuta.

Na biyu, a kafe waɗannan a gaba. Ana nemo sunan manhajar a cikin jeri, a danna shi da maɓallin dama na linzami, a zaɓi "Pin to Start". A kwamfutar Faransanci kalmar da za a nema ita ce "Épingler". Biyu ko uku da aka fi buɗewa kuma a kafe su a layin ƙasan allo, inda ko zauren ba sai an shiga ba.

Na uku, a sauke duk abin da ba ya cikin lissafi daga gaba, ta hanyar zaɓar "Unpin from Start". A nan muna jan kunne da babbar murya. A wannan ɗan jeri da ke fitowa akwai wata kalma kusa da ita, "Uninstall", a Faransanci "Désinstaller". Ta farko sauke suna kawai take yi, ta biyu kuwa fitar da manhajar take yi daga gidan baki ɗaya. Mun san shagon da yaro ya rikita su ya kori manhajar firinta ana tsakiyar aiki.

Na huɗu, a haɗa 'yan gida ɗaya wuri ɗaya. A Windows 10 ana jan fale-falen a jera su rukuni-rukuni, a rubuta wa kowane rukuni suna a samansa. A Windows 11, tun gyaran da aka yi mata a watan Satumban 2022, idan aka ja hoto ɗaya aka ɗora kan wani sai su zama folda, a sa mata suna. Babu dokar da ta ce sai da Turanci. Ana iya rubuta Takardu, Lissafi, Hotuna, Iyaka.

Na biyar, ga wanda hannunsa ya ɗan faɗa, akwai hanyar shiga inda yankunan suke ajiye. A danna maɓalli mai tambarin Windows tare da harafin R, a rubuta shell:programs a ɗan akwatin da ya fito, sai foldar yankunan mai amfani ta buɗe. In aka rubuta shell:common programs kuma, ta kowa da kowa ce za ta buɗe, ita wannan sai da izinin mai kula da kwamfutar. A ciki ana iya goge yankunan talla, a ƙirƙiri sababbin folda, har a sauya wa yanke suna, misali Excel ta koma Lissafi, ba tare da an taɓa lafiyar manhajar ba. Sai dai a sani, manhajojin da aka sauko da su daga kantin Microsoft ba sa bayyana a nan, sannan ya fi kyau a guji haruffa masu lanƙwasa a sunan, don a iya nemo shi da kowane allon rubutu.

Na shida, a yi wa shafukan hukuma yanke nasu. Adireshin hukumar haraji ta Gana, alal misali, gra.gov.gh ne. Idan aka shiga shafi na gaskiya sau ɗaya aka tabbatar, a kafe shi a zaure ta cikin Chrome ko Edge, daga nan a riƙa shiga ta nan. Wannan na kare mutum daga shafukan bogi da 'yan damfara ke ƙerawa masu kama da na hukuma ko na banki, waɗanda harafi ɗaya ne ke raba adireshinsu da na ainihi.

Na bakwai ya shafi sirrin kasuwa. Jerin takardun da aka buɗe kwanan nan, wanda ya jefa kawunmu cikin wahala, har yanzu yana nan, a Windows 11 ma a fili yake a ƙasan zaure. A kwamfutar haya, wanda ya zauna bayanka zai iya ganin sunan takardarka, ya danna ya karanta nawa ka sayo albasa a Galmi da wanda ke binka bashi. Mai shagon da ke mutunta abokan cinikinsa zai shiga "Settings", ya je "Personalization", ya zaɓi "Start", ya kashe nuna takardun baya-bayan nan. Ya fi ma kyau ya buɗe asusu biyu a kwamfutar, nasa mai kalmar sirri da na baƙi.

Cutar da ke shigar burtu da yanke

Babu shagon da muka shiga da ba a san cutar nan ta filashi ba, wadda mutum zai sa filashinsa ya tarar duk foldodinsa sun koma masu 'yar kibiya. Abin da take yi shi ne, tana ɓoye foldodin gaskiya, ta ƙirƙiri yankuna masu irin sunansu. Duk wanda ya danna ɗaya, cutar ya tayar, ta shiga kwamfutar, ta jira filashi na gaba. Haka take tafiya daga Aboabo zuwa Aflao a aljihun bayin Allah.

Abin da muke so 'yan kasuwa su riƙe shi ne, a mafi yawan lokuta takardun ba su ɓace ba. Kada a yarda wani ya yi gaggawar wanke filashin, domin wankewar ce ke kashe su. A fara bincike shi da manhajar kashe cuta, sannan wanda ya iya ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* yana mai sauya harafin E da harafin da kwamfuta ta ba filashin. Foldodin da aka ɓoye za su fito, a kwashe su, a goge yankunan ƙarya.

Kada kuma a ɗauka wannan matsalar ƙananan shaguna ce kaɗai. Cutar Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta lalata na'urori a tashar nukiliyar Natanz ta ƙasar Iran, ɗaya daga cikin ƙofofin da ta bi ita ce wani rauni a yadda Windows ke karanta yanke daga filashi, raunin da sai a watan Agustan shekarar aka toshe shi. Haka nan ranar Juma'a 13 ga Janairu 2023, wani kuskure a sabunta manhajar tsaro ta Microsoft Defender ya share yankuna daga zauren kwamfutocin ma'aikatu da kamfanoni da dama a duniya. Ma'aikata suka zo aiki suka ga wayam, wasu suka zaci an kwashe musu komai, alhali manhajojin na nan daram a ɗakunansu, manuniyar ce kawai ta tafi. Wanda ya san bambancin suna da kaya, ranar bai tayar da hankalinsa ba.

Kafin ka bar shago

Ga ɗan kasuwar da ba shi da kwamfuta, ba ya kuma da niyyar saye, ga abin da ya rage gare shi. Idan an zuba maka takarda a filashi, ka ce a buɗe filashin a gabanka ka duba hoton da ke jikin sunan. In ka ga 'yar kibiya, ba a ba ka komai ba. Ka ce a danna sunan da maɓallin dama a zaɓi "Properties": in aka ga kalmar "Shortcut" ko "Raccourci", ko nauyin bai wuce kilobait biyu ba, a sake aiki. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a zare filashin a buɗe shi a wata kwamfutar daban. Bayan haka ka sa a mayar da takardar PDF a turo maka ta WhatsApp ko imel, ka buɗe ta a wayarka kafin ka tashi, sannan ka riƙe bugaggiya guda biyu, ɗaya a jaka ɗaya a jikinka.

Su ma masu shaguna akwai abin da ke gabansu. Tun ranar 8 ga Afrilu 2014 Microsoft ya daina toshe raunukan Windows XP, ya daina na Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Duk wanda zai sauya inji ko ya sake ɗora Windows, ya tuna cewa kwashe abin da ke fuskar allo da zaure ba shi ne kwashe takardun jama'a ba, sai ya bi kowane yanke zuwa inda asalin yake. Gobarar da ta ci wani sashe na sabuwar kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023 ta kuma tuna mana cewa littafin bashin da ke wuri ɗaya tak, na takarda ne ko na kwamfuta, yana iya tafiya cikin sa'a guda. A riƙa ajiye kwafi a wani wurin.

A ranar ƙarshe ta zagayenmu mun koma layin da shagon nan na 2008 yake. Ya daɗe da zama wurin sayar da kayan waya, amma a kusa da shi akwai wata budurwa da ke riƙe da shagon mahaifinta. Da muka leƙa allonta sai muka ga abubuwa shida kacal a zaurenta, a ƙarƙashin suna biyu da ta rubuta da Hausa, Aiki da Iyaka. Muna tsaye wani dattijo mai albasa ya shigo da gaggawa, ta gaishe shi, ta ce, "Baba, zauna ka huta, yanzu za ka tafi." Kafin ya gama shan ruwan da aka miƙo masa ta buga jerin kayansa, ta fitar da kwafi biyu, ta tura ɗaya a wayar ɗansa, ta kuma sa ɗan ya buɗe a gabanta. Dattijon ya shi mata albarka ya fita, motarsa ba ta ko kashe inji ba.

Allah Ya kiyaye dukiyar fatakenmu, Ya kai kowa inda ya nufa lafiya, Ya dawo da shi da riba mai albarka.